Tayin Motar Baba

Shekararmu ta ƙarshe a Kuala Lumpur, maigidana ya ɗauko wa kansa alkawarin da ba wanda ya aike shi. Ya ce wa yara idan Allah ya sa ya kammala digirinsa na uku, kafin mu tattara mu koma gida zai kai su bakin teku su kwana a ɗaki mai taya, irin wanda ake ɗaura wa mota a baya a ja shi, da gado da murhu da ɗan banɗaki a ciki. Babbar 'yarmu ce ta gani a waya ta liƙe masa. Tana aji uku na firamare a lokacin, kuma idan ta kama magana ba ta saki, wannan kam ba a ƙasa ta tsinta ba. Ƙaninta, wanda a can na haife shi, bai ma san me ake cewa ba, tsalle kawai yake taya ta.

Ni ban yi tsalle ba. Tekun da suke so yana gabas, kuma tsakanin Kuala Lumpur da gabas akwai duwatsu. Ni kuwa 'yar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, a garinmu tudun da ya fi kowane tsawo juji ne. Na taɓa bin hanyar nan a bas, da na dawo sai da na yi kwana biyu ƙafafuna ba su zama nawa ba. Hanya ce mai kyau, sumul, ba rami ko ɗaya, amma tana hawa tana murɗewa, ta shige cikin dutse ta fito, sannan ta dinga gangarawa kamar ba za ta daina ba, ga kwazazzabo a gefe wanda ba ka ganin ƙasansa sai kawunan itatuwa. Na gaya masa ni gaskiya tsoro nake ji. Ya ce in kwantar da hankalina, abin duk a zaɓen mota yake.

A yi masa adalci, ya zaɓa ɗin. Mutumin da ya yi shekaru yana bincike, da aka karɓi aikinsa sai ya rasa abin bincikawa, ya juye ƙarfin gaba ɗaya a kan a-kori-kura. Ina tuƙa tuwo yana tsaye a ƙofar kicin yana yi mini darasi. Ya ce ja ba shi ne aiki ba, kowace mota tana iya ja, tsayawa ce aiki. Ya ce dole motar ta fi abin da take ja nauyi sosai, in ba haka ba a gangara ɗakin ne zai koma yana tuƙa motar. Ya ce a samu doguwa, wadda tsakanin tayoyinta na gaba da na baya da nisa, don ita ce ba ta saurin juyawa idan abin da ke bayanta ya fizge ta. Ɗakin kuma yana da nasa birkin, amma ba ya kamawa sai motar tana da wata 'yar na'ura da za ta sanar da shi an taka. Na ji karatun nan har na haddace, har ina tsokanarsa ina tambayar wace jami'a ce za ta ba shi takardar wannan digiri na huɗun.

Wata rana ya kai ni wajen masu ba da hayar motoci, can bayan unguwar Setapak, ya nuna mini wadda ya tsayar. Wata ƙatuwa ce fara mai shan dizal, ƙofa huɗu, sai da na taka matakala na hau. Ya zagaya da ni baya na ga ƙugiyar da ake ɗaura ɗakin, ƙarfe mai kauri da ya zo a jikinta tun daga kamfani. Ya sunkuya ya nuna mini na'urar birkin a ƙarƙashin sitiyari. Na zauna a kujerar baya na ja bel, na ji shi ƙam. Ranar ce tsoron ya ɗan sake ni, na ce to, in dai wannan ce, bismillah.

Sai muka je gaida Baba.

Baba ba mahaifin kowa ba ne a cikinmu, amma duk ɗan Arewan da ya sauka a yankin nan Baba yake ce masa. Malamin jami'a ne, ya daɗe a ƙasar har gemunsa ya yi fari a can. Ranar da muka sauka ba mu san gabas ba balle yamma, shi ya tarbe mu, kuma a gidansa na Taman Melati muka zauna har muka samu namu. Da na haihu shi ya yi wa yaron huɗuba, matarsa Hajiya ita ta yi mini wankan jego, ta tsaya mini tsayuwar da uwata za ta yi. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura, 'yar gajera, ruwan toka, wadda babu katifa ko firij ɗin ɗan Najeriya a Setapak da ba ta ɗauka ba. Motar alheri ce, ba zan yi mata butulci ba. Amma idan aka haɗa mata firij da injin wanki, nishi take yi a hawan gada.

Ranar Lahadi ce bayan la'asar. Ina kicin da Hajiya muna suyar waina, ƙofa a buɗe, maza suna falo. Na ji maigidana yana ba Baba labarin tafiyar, har ya zo kan maganar haya.

"Haya?" in ji Baba. "Ina garin nan za ka je hayar mota? Ga mota can a ƙasa tana shan rana. Ai sai ka ɗauka."

Bahaushe dai ya san tayi. Kana cin abinci mutum ya zo wucewa, ka ce bismillah, ya ce alhamdu lillahi, kowa ya fita kunyar kowa. Na tsaya da cokali a hannu ina jiran in ji maigidana ya ce an gode Baba, ai an riga an yi magana da masu motar. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Can sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"To, Baba. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma."

Wainar da ke tanda ta ƙone, sai da Hajiya ta taɓa ni na farga.

Ban iya jira mu isa gida ba, tun a matakalar benen na fara.

"Abban yara, me na ji ka ce?"

"To ya zan yi? Baba ne fa."

"Ka ce masa ka riga ka kama wata mana."

"In ce masa motarsa ba ta isa ba kenan? Mutumin da ya kwantar da mu a ɗakin 'ya'yansa? Ba a mayar da hannun kyauta baya, ke ma kin sani."

"Kai da bakinka ka ce mini tsayawa ce aiki. Motar Baba tana da abin birkin nan?"

Ya ci gaba da sauka daga benen.

"Ta fi ɗakin nauyi?"

"Slow lane zan bi," ya ce. "A hankali kawai. In sha Allahu ba abin da zai faru."

Duk makon nan ban bar shi ya sha ruwa ba. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka. Na ce ya gaya wa Baba an ɗaga tafiyar, ya ce ba zai yi wa dattijo ƙarya ba, kuma garin nan duk girmansa ƙauye ne ga ɗan Arewa, kafin mu fita unguwa a farar mota labari ya isa Taman Melati. Na ce to ni zan je in samu Hajiya, ya ce idan na yi haka na tsinka shi, zai zama ya aiko mace ta faɗi abin da shi ya kasa. Na ce ni da yarana mun fasa. 'Yar tana jin haka ta shige ɗaki ta kwanta ta juya wa kowa baya, shi kuma ya zauna ya dafe kai. Daga ƙarshe ya ɗago ya ce mini, "Baba ya fi mu sanin motarsa. Da ba za ta iya ba, da bai ce a ɗauka ba." Wannan maganar ce ta kashe mini baki, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bakina ya mutu, amma jikina bai yarda ba. Abinci ya daina shiga. Daga barandarmu ana hango duwatsun, shuɗi-shuɗi da gajimare a kansu, kuma duk sanda na fita shanya na ɗaga kai sai in yi maza in kau da ido. Yara suna ta haɗa kayan wasan rairayi, ni ina bin ƙeyarsu da kallo ina karanta musu duk abin da ya zo bakina.

Ranar tafiya da hantsi Baba ya kawo motar da kansa. Ya fito da 'yar jaka a kafaɗa da carbi a hannu, ya ce ya yi shawara zai raka mu, ya daɗe rabonsa da teku. Maigidana ya yi ta godiya. Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni, don ɗan bakin da nake da shi a cikin mota shi ma an rufe shi kenan. Da mu kaɗai ne, ko a hanya zan iya cewa a tsaya. Amma a gaban Baba, wanda ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, ta ina zan fara ɗaga wa mijina murya?

Mai ba da hayar ɗakin wani dattijo ne ɗan ƙasar, a bayan gari yake kan hanyar duwatsun. Pak Cik muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane dattijo a can, wato kawu. Ya fito da fara'arsa, yana ganin motar fara'ar ta ragu. Ya zagaya ta, ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙugiyar, wadda wani mai walda ne ya liƙa mata. Ya tambayi maigidana ina farar da ya turo masa hotonta. Maigidana ya nuna Baba ya ce wannan babana ne, motarsa ce. Pak Cik ya kalli farin gemun Baba, ya miƙa masa hannu biyu, ya dafa ƙirji. Ashe su ma ba baya ba ne wajen kara.

"Boleh lah," ya ce, wato za a iya. Fuskarsa dai ba ta ce boleh ba.

Da suka sauke wuyan ɗakin a kan ƙugiyar, bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga, kamar jakin da aka yi wa lodi a ƙugu. Aka haɗa wayar fitilu. Ɗaya wayar, ta birkin ɗakin, Pak Cik ya riƙe ta yana neman inda zai sa, babu. Ya naɗe ta ya ɗaure a jikin ƙarfe, ina tsaye ina kallo, maigidana kuma ya kau da kai yana duba taya. Har muka fita ƙofa dattijon yana bin mu yana cewa pelan-pelan, wato sannu a hankali.

Na zauna a tsakiyar kujerar baya, yaron a damana, 'yar a haguna jikin taga, bayan Baba, don ta ce ita daji take son gani. Na ɗaura musu bel, na tsakiya kuwa babu shi. Duk sanda na waiga, farin bangon ɗakin ne ya cika gilashin baya, kamar gida ya taso ya biyo mu.

Hawan ya yi tsawo. Motar tana gurnani, manyan motoci masu kaya suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ya kashe na'urar sanyi don kada inji ya yi zafi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Yara suka yi ta rera wata waƙar makaranta da yaren ƙasar har suka gaji suka yi shiru. Baba kuwa carbinsa kawai nake ji yana ƙas-ƙas. Ni kuma wani abin banza nake ta yi, ina danna ƙafata a ƙasan motar kamar ni ma akwai birki a wajena. A raina ina cewa wannan duk mai sauƙi ne, ja ne, ai an ce kowace mota tana iya ja. Abin da ke can bayan dutsen nake tsoro.

Muka shiga ramin da aka huda a cikin dutsen. Da muka fito ta ɗaya gefen ruwa muka tarar, irin ruwan ƙasar nan da ba ya sallama. Hanya ta sunkuyar da kai, muka fara gangara.

A bayana na fara jin abin kafin in gani. Wani turi ne, irin na cikin cunkoson kasuwa idan wani ya dafa ka ta baya yana ingiza ka, kai kana togewa shi yana ƙarawa. Maigidana ya sauke giya, injin ya kwarma ihu. Ya taka birki, ya saki, ya sake takawa. Ba a jima ba wani ƙauri ya cika motar.

"Ummi, what's that smell?" in ji 'yar.

Na kamo hannunta na riƙe.

"Malam, a hankali," in ji Baba, bai ko juyo ba.

"To, Baba."

Na kalli madubi na ga idanun mijina, ban taɓa ganinsu haka ba. Na kasa kunne wajen Baba. Carbin ya tsaya, leɓunansa ne kawai suke motsi, kuma abin da na ji yana maimaitawa kalmar shahada ce. Mai motar da kansa, wanda aka ce ya fi mu saninta, shahada yake yi. Kwana ta zo, muka sha ta da ƙyar, taya tana kuka. Wata kwanar ta zo. A hagu ƙarfen gefen hanya yana ta gudu, bayansa ba komai sai hazo da kawunan itatuwa can ƙasa, kuma 'yata ce a jikin wannan ƙofar.

Sai wata tankar mai ta zo ta damanmu ta wuce da iskarta da ruwanta. Na waiga na ga bangon ɗakin ya goce hagu, har na hango hanya a bayanmu. Ya dawo ya wuce dama. Ya sake komawa hagu, wannan karon ya fi nisa, kuma bayan motar ya bi shi. Kan yaron ya bugi kafaɗata. Ban san sanda na manta da Baba da kunya da komai ba.

"Ka tsaya! Don girman Allah ka tsaya, za ka kashe mini 'ya'ya!"

"Ba ta tsayawa!" ya ce.

Tun da uwata ta haife ni ban ji magana mai muni kamar wannan ba. Na tattaro yaran biyu da hannuwana na dunƙule a kansu iya yadda zan iya. Motar ta juya a kaikaice. Na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, doguwa, mai shiga haƙori, gilashi ya watso mana, sannan wani abu mai nauyi ya faɗi a bayanmu har ƙasa ta amsa. Muka yi ta jan ciki a jikin ƙarfen gefen hanya, har Allah ya sa muka tsaya.

Ruwa yana dukan rufin mota. Yaron yana tsala ihu, na gode wa Allah da wannan ihun. 'Yar ce ba ta ce komai ba. Ƙofarta ta lotso ciki, idonta a buɗe tana kallona, jini yana bin gefen fuskarta, hannunta na hagu kuma ya lanƙwashe a inda hannu ba ya lanƙwashewa. Ta tagarta na leƙa, tsakanin tayarmu da bakin kwazazzabon bai kai faɗin tabarma ba. Na kira ta, na sake kira, sai can ta ce, "Ummi, I can't feel my hand." Na ce yi shiru uwata, yi shiru, ga ni nan, alhali ni ce nake kuka ba ita ba.

Mutanen ƙasar nan Allah ya saka musu. Masu babura suka tsaya suna kaɗa wa motoci hannu, wata mata 'yar Sin ta riƙe mana lema a ka ita tana jiƙewa, har motar asibiti ta zo. Ɗakin yana kwance a gefensa a tsakiyar hanya, tukwanena da bokitan rairayin yara a warwatse cikin ruwa. Aka kai mu asibitin wani ɗan gari da ke gindin dutsen. Likita ya ce ƙashin ya karye a daidai gwiwar hannu, sai an yi aiki. Suka tura ta ciki a kan gado, ƙofa ta rufe, aka bar ni da yaron yana barci a cinyata da ɓarɓashin gilashi a gashinsa.

Da la'asar sakaliya Hajiya ta iso, wani ɗalibi ya kawo ta. Ta zauna kusa da ni ta karɓi yaron, ta daɗe tana tsince masa gilashin. Sannan ta ce, "'Yar nan, ki yafe mana."

"Me kuka yi, Hajiya? Ai alheri kuka yi mana."

"Tun ranar Lahadin nan Babanku bai ci abincin kirki ba. Kuna fita ya shigo kicin ya same ni, ya ce Hajiya, na yi wa yaron nan tayi ya karɓa. Ya ce wallahi motar nan ba za ta sauko da ɗaki daga kan dutse ba."

Na juyo na kalle ta. "To me ya hana shi faɗa?"

"Na ce ya kira shi. Ya ce da wane bakin? Ya ce wa yaro ɗauki, ya dawo ya ce kawo? A ce Baba ya yi rowar mota? Sai ya dinga lallashin kansa, wai ai yaron ya yi bincike, da ba za ta iya ba da bai karɓa ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Yau da safe na ga yana haɗa jaka. Na ce ina zuwa? Ya ce in dai motarsa ce za ta kai 'ya'yan mutane can, to yana ciki."

Haushi ya taso mini, tausayi ya biyo shi. Dattijo ya yarda ya shiga mota ya zauna a gaba yana shahada, ya mutu tare da mu in mutuwar ce, da dai ya buɗe baki ya ce kada a ɗauka. Mijina ya yarda ya ɗora 'ya'yansa a kan abin da ya fi kowa sanin ba zai tsaya ba, da dai ya ce an gode. Mutanen kirki biyu, kowanne yana tsare mutuncin ɗan'uwansa, 'yata kuma tana ciki ana huda mata ƙashi. Tsoron da na ji a kan dutse daban, wanda na ji a kan bencin nan daban, don na ga ba mugu ko ɗaya a cikin maganar, kuma ba abin da zai hana a sake.

Na tashi na nufi inda mazan suke, a ƙarshen barandar asibitin. Baba yana zaune a benci da filasta a goshi, tabaraunsa ya tsage. Maigidana yana tsugune a gabansa, rigarsa har lokacin ba ta bushe ba.

"Baba, a yi haƙuri da motar," yake cewa. "Ni na jawo, amana aka ba ni."

"Haba Malam, ƙarfe ne fa. Tunda Allah ya tsare rai ai sai godiya." Baba ya dafa kafaɗarsa. "Za a gyara ta. Kafin ku tafi ma ai za ku kai kayanku wajen masu jirgin ruwa. Ga ta nan, sai ka ɗauka."

Na ga mijina ya sunkuyar da kai, na ga bakinsa ya buɗe, kuma na san abin da zai fito.

"A'a, Baba," na ce. "Mun gode. Ba za mu ɗauka ba."

Su biyun suka ɗago. Maigidana ya kalle ni kamar na mari wani. Ni kuwa Baba nake kallo, ido cikin ido, karo na farko tun da na san shi. Ya cire tabaraun a hankali ya rufe fuska da tafukansa. Na ɗauka fushi ya yi, sai na ga kafaɗunsa suna rawa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya ce ta cikin hannuwansa. "Ina ma ranar Lahadi wani ya faɗi haka."

Aikin ya yi kyau, in ji likitoci, kuma mun gode wa Allah. Mun dawo gida, yanzu tana sakandare, ta fi ni tsawo. Gwiwar hannun dai ba ta koma daidai ba, tana lanƙwashewa ta tsaya a rabi, hannun ba ya kaiwa ƙeya. Duk ranar da za mu fita unguwa sai ta zo ta tsaya a gabana ta juya mini baya, ni nake ɗaura mata ɗankwali.